Teburi uku da rabi: kukan mai riƙe da makullin kulob ɗin birij

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani wasa da ba kasafai ake ganin labarinsa a jarida ba, wato wasan karta na birij, da halin da kulob-kulob ɗinsa suka shiga tun da aka koma buga shi ta intanet. Shekara 26 ke nan ina wannan wasa, kuma shekara tara ni ne mai buɗe ɗakin kulob ɗinmu, in jera kujeru, in rufe bayan kowa ya watse.

Daren Talatar da ta wuce mutum 14 ne suka zo. Wanda bai san wasan ba zai ce ai ba laifi. To, birij huɗu-huɗu ake zama, biyu a kan biyu, saboda haka mutum 14 teburi uku ne da rabi, rabin teburi kuwa ba ya wasa. A ko da yaushe dole wasu mutum biyu su koma gefe su naɗe hannu na kusan rabin awa suna kallon bango har a sauya wuri. Waɗanda abin ya fara faɗawa kansu wani dattijo ne da matarsa, su ne kuma suka fi kowa nisan gida. Ba su ce komai ba. Da za su tafi matar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da ni, "Malam, idan mako mai zuwa ma haka ne, ka yi mana waya tun da rana, sai mu yi zamanmu mu buga a kwamfuta." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma gaskiyarta. Amma idan suka zauna a gida mun koma teburi uku, idan wasu biyu suka bi sahunsu mun koma biyu da rabi. Kafin shekarar 2020, teburi tara muke cikawa a irin wannan daren, wani lokaci har sai an aro kujera.

Bari in ɗan bayyana wasan saboda masu karatu, don na san da an ce karta zuciyar mutane da yawa caca take kawowa. Birij ɗin da ake yi a kulob ba a sa ko sisi a kansa. Karta 52 ce, a raba wa mutum huɗu, kowa 13. Kai da abokin wasanka kuna fuskantar juna. Da farko sai a yi tayi, kamar ana ciniki: kowane ɓangare yana faɗin yawan zagayen da yake ganin zai iya ci a cikin 13 (zagaye shi ne kowa ya saka karta ɗaya, wadda ta fi ƙarfi ta ci), da launin da yake so ya zama mai yanka sauran, wato ɗaya daga alamomi huɗun da ke jikin karta. Wanda tayinsa ya fi, shi ya ɗauki alkawari, sai ya cika ko ya faɗi. Abokinsa kuma ya shimfiɗa kartarsa a fili ya yi shiru. Abin da ya raba wasan kulob da na sa'a shi ne ba a sake cakuɗa kartar bayan an gama. Kowa yana mayar da tasa cikin aljihun wani ɗan faranti, a miƙa shi teburi na gaba, su ma su buga wannan rabon daidai yadda kuka same shi. A ƙarshe ana gwada sakamakonka da na waɗanda suka riƙe irin kartarka sak. Ba ka da damar cewa ba a ba ka karta mai kyau ba. Shi ya sa Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da Ƙungiyar Birij ta Duniya, wadda aka kafa a 1958, kuma aka sa wasan a gasar ƙasashen Asiya da aka yi a Jakarta a 2018, inda wani attajirin Indonesiya mai shekara 78 ya samu lambar tagulla.

A nan ne lissafin teburi yake da muhimmanci. Tunda gwadawa ake yi, idan teburi tara suka buga rabo ɗaya, sakamakon yana da ma'ana. Idan uku ne kawai, kuskuren mutum ɗaya a wani teburi ya isa ya ɗaga ka sama ko ya kā da kai ƙasa ba tare da ka yi komai ba. Ƙwararru su ne suke fara jin haushin wannan, su ne kuma suke fara daina zuwa. Da sun tafi, masu koyo ba su da wanda za su kalla.

Ba na zagin intanet, kuma ba zan yarda a ce na yi butulci ba. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe ko'ina, na ɗauka wasan ya ƙare mana. Dandalin Bridge Base Online, wanda wani gwanin wasa ɗan Kanada, Fred Gitelman, ya kafa tun 2001, shi ya riƙe mu. Manyan ƙungiyoyi kamar ta Arewacin Amurka, ACBL, da ta Ingila suka shirya yadda kowane kulob zai riƙa gudanar da wasansa a can, wani kaso na kuɗin shiga yana komawa aljihun kulob ɗin. Da yawa da wannan suka biya hayar ɗakunan da suke rufe. A cikin shekarar kuma RealBridge ya fito, inda kake ganin fuskar sauran mutum ukun kana jin muryarsu. Ni da kaina na yi kwanaki ina koya wa dattawanmu ta waya inda za su danna. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ciwon gwiwa ya hana ta hawa matakala tun kafin annobar, mun yi shekara biyu ba mu gan ta ba, sai ga sunanta a allo tana cinye mu kamar da. Wannan alheri ne, ba mai musu.

Akwai ma abubuwan da kwamfuta ta fi mu. Tana ajiye kowace karta da aka saka, bayan wasa ka koma ka duba inda ka kauce ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kuskuren lissafi. A kulob rabo 24 yakan ci awa uku da wani abu, ban da tafiya da dawowa, a can kuwa cikin awa biyu ka gama gasa kana zaune a ɗakinka. Kana iya kallon gasar duniya kai tsaye, ka ga yadda zakaru suke tunani, abin da a da sai dai mu karanta a mujalla bayan watanni. Idan ƙarfe biyun dare barci ya ƙi zuwa, akwai teburi a buɗe.

Abin da ya dame ni shi ne wannan: duk mutumin da na sani yana jin daɗin birij a intanet, a teburi ya koya. Na yi ta tambaya, na yi ta dubawa, ban ga wanda ya fara daga babu a gaban allo ya ɗore ba. Intanet girbi take yi, kulob ne yake shuka. Idan gonar ta mutu, girbin na 'yan shekaru ne.

Birij wasa ne mai wuyar shiga. Kafin mutum ya fara jin daɗinsa sai ya yi watanni yana ruɗewa. Sai ya iya ƙirga ƙarfin hannunsa, as maki huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, jak ɗaya. Sai ya gane cewa tayi harshe ne: wani lokaci idan abokinka ya yi tayin wani launi ba launin yake so ba, tambayarka yake yi, kamar a tsarin Stayman da yake neman ko kana da karta huɗu a ɗaya daga manyan launuka biyu, wato waɗanda suka fi maki, ko na Blackwood da yake tambayar as nawa ke hannunka. Ba wanda yake haɗiye wannan shi kaɗai. Ana bukatar wani ya zauna kusa da kai, ya ga fuskarka, ya san lokacin da ka ɓace.

Na tuna wani saurayi da ya zo mana shekarun baya, bai fi wata biyu da farawa ba. Ya ɗauki alkawarin cin zagaye goma, ya ci tara. A kartar abokinsa da ke shimfiɗe akwai as da sarauniya masu alamar zuciya, sarki ba ya wurinsu. Tsoro ya sa ya yi maza ya buga as, daga baya sarki ya cinye sarauniyar. Da aka gama, kafin a mayar da kartar, wata dattijuwa da ke hagunsa, abokiyar hamayyarsa ce fa, ta dafa hannunsa ta ce, "Tsaya ɗana, kar ka tattara." Ta juyo da kartarta ta nuna masa sarkin. Ta ce, "Ka ga, yana wurina, kuma ni nake sakawa kafin kartar abokinka da ke shimfiɗe. Da ka fito da ƙarama daga hannunka, in na ɓoye sarkin ka sa sarauniya ta ci, in na fito da shi ka danne shi da as. Ko ta yaya ba ni da mafita. Da a wurin abokina yake ka faɗi, amma rabi da rabi ya fi babu." Ya yi shiru yana kallon katunan nan uku. Sai ya ce, "Mama, a sake jerawa in gani." Ta sake jerawa. Duk abin bai kai minti biyu ba, alƙalin wasa yana ta kiran a sauya wuri. Yau saurayin nan yana cikin waɗanda suke koyar da sababbi.

Kwatanta wannan da abin da ya samu wata ɗalibata bara. Ta yi darasi takwas, na ƙarfafa mata gwiwa ta shiga teburin da kowa ke iya zama a intanet. A rabo na uku ta yi kuskuren tayi. Abokin wasan da ba ta san ko wane ne ba ya rubuto mata baƙar magana, ya fice ana tsakiyar wasa. Wani ya shigo, ya duba, shi ma ya fice. Ta rufe kwamfutar. Da na neme ta sai ta ce ita wannan wasa ba nata ba ne, kanta ba ya ja. Kanta kuwa yana ja sarai. A kulob ma akwai masu zafin rai, ban ɓoye ba, na sha raba miji da mata a kan karta ɗaya. Amma wanda ya san zai sake haɗa ido da kai mako mai zuwa yana tauna maganarsa, kuma akwai alƙali da za a ɗaga hannu a kira. Wanda yake ɓoye bayan sunan da ya ƙirƙira ba abin da zai rasa.

Wasu suna cewa to ta buga da mutum-mutumin kwamfuta mana, ai su ba sa zagi. Haka ne, ba sa zagi, kuma suna da amfani wajen motsa hannu. Sai dai ba sa juyo da karta su ce tsaya ɗana.

Mutane da yawa idan suna sukar wasan intanet maganar maguɗi suke fara kawowa. Ni ba a nan na kafa hujjata ba. Gaskiya ne abin yana da sauƙi a can: waya a kunne kana gaya wa abokinka abin da ke hannunka, ko ka buɗe na'ura ta biyu ka shiga a matsayin ɗan kallo ka ga duk kartar. A 2020 wasu fitattun 'yan wasa, har da wanda ya taɓa cin kofin duniya, sun amsa da bakinsu cewa sun yi hakan. Amma teburi ma bai tsira ba. A gasar Bermuda Bowl ta 1975 an zargi wasu 'yan Italiya biyu da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin teburi, har aka sa shinge a ƙasa. A 2015 an fallasa wasu manyan gwanaye na duniya da suke aika wa juna saƙo ta yadda suke ajiye karta, a tsaye ko a kwance. Hasali ma, da yake kwamfuta tana ajiye komai, mai maguɗi a can ya fi saurin kamuwa idan aka bi sawun wasanninsa. Abin da na lura da shi dai shi ne zargi ya yi yawa. Idan wani ya yi maka wasa mai kyau a teburi, sai ka ce masa sannu da aiki. Idan a allo ne, sai zuciyarka ta fara raya maka wani abu. Wannan zato yana cin zumunci a hankali.

Akwai kuma wani sashe na wasan da yake ɓacewa gaba ɗaya. A teburi, idan abokin hamayyarka ya yi jinkiri kafin ya saka ƙaramar karta, doka ta ba ka dama ka karanta wannan jinkirin, amma in ka yi kuskure kai ka jiyo. Idan abokin wasanka ne ya yi jinkirin, haramun ne ka yi amfani da shi. Koyon wannan bambanci, da horar da kai ka riƙa saka karta da sauri iri ɗaya ko kana da abin tunani ko babu, rabin tarbiyyar ɗan birij ke nan. A intanet jinkiri ba ya nufin komai. Wataƙila tunani yake, wataƙila layinsa ne ya yanke, wataƙila an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abokin wasana na shekara 17, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin, mutum ne da bai taɓa mance kartar da ta fita ba. Bayan an sake buɗe kulob, a dare ɗaya ya ƙi bin launi sau biyu alhali yana da shi a hannu. A dokar wasa dole ka bi launin da aka fito da shi muddin kana da shi, in ka saɓa a ɗauke maka zagaye a ba abokan hamayya. Kuskure ne na sabon shiga. Na farko muka ce gajiya ce. Na biyu ya kalle ni ya ce, "Wai me ke yanka ne?" alhali shi ya yi tayin. Jikina ya yi sanyi. Washegari na je na samu 'yarsa na gaya mata abin da na gani, ta kai shi asibiti, aka fara duba shi tun abin bai yi nisa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata goma sha takwas muka yi muna wasa tare a intanet kafin wannan dare, ban ga komai ba. Kwamfuta ba ta barin ka saɓa launi. In ka danna kartar da ba ta halatta ba, ba za ta fita ba. Ba ta barin ka yi tayi ƙasa da na baya, ba ta barin ka riga wani sakawa, kuma launin da ke yanka yana rubuce a gefen allo. Duk ramukan da zai faɗa mu gane, na'ura ta cike su. Ta kyautata masa wasa, ta kuma ɓoye mana shi.

Har yanzu yana zuwa. Mun rage yawan tsare-tsaren tayinmu, mun koma masu sauƙi, kuma duk kulob ɗin sun san idan ya yi jinkiri a jira shi. Ba mu cika cin gasa ba yanzu. 'Yarsa ta ce daren Talata ne kaɗai yake tambayar ina takalminsa.

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Shi kansa wasan a cikin zama tare aka haife shi. Tsarin lissafin da muke bi yau Harold Vanderbilt ne ya tsara shi a 1925, a cikin jirgin ruwa, a tafiyar da ta ratsa mashigin Panama, shi da abokan tafiyarsa suna gwadawa suna gyarawa.

Matsalar kulob ta kuɗi ce kuma, kada a yi ta kewaye-kewaye. Hayar ɗaki ɗaya ce ko teburi tara ne ko uku. Wuta ɗaya ce, ladan alƙali ɗaya ne. Shi kuwa wasan intanet, ƙarin teburi ɗari ba ya ƙara masa haya. Don haka manyan wasannin can suna iya rage kuɗin shiga, su tara jama'a daga ko'ina, su ba da makin girma mai yawa, wato makin da ke ɗaga matsayin ɗan wasa, saboda yawan teburi, ƙaramin kulob kuwa ba shi da yadda zai yi gogayya. Galibin 'yan wasan kuma shekaru sun ja, tuƙin dare yana yi musu wuya, wanda ya saba da zama a gida shekara biyu ba ƙaramin abu ne zai sake fito da shi ba. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Amma ina ganin ƙungiyoyin ƙasa da suke karɓar kaso daga kowane wasan intanet ya kamata su mayar da wani abu mai kauri ga kulob ɗin da suke koyar da sababbi ido da ido, a auna tallafin da yawan ɗaliban da kulob ya yaye, ba da yawan teburinsa ba. In ba haka ba suna cin irin shuka ne.

Mu ma masu kula da kulob muna da namu laifin. Mun daɗe muna barin sababbi su nutse a cikin ƙwararru, muna ɗaure fuska idan an yi surutu, muna sa wasa a lokacin da mai aiki ko ɗalibi ba zai iya zuwa ba. Intanet ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, tsagar bango ta samu ta shiga. A kulob ɗinmu mun mayar da wasa ɗaya zuwa rana saboda masu gudun dare. Mun buɗe zama na masu koyo, rabo 12 kawai, inda aka yarda ka tsaya ana tsakiyar wasa ka yi tambaya, kuma kowane ƙwararre yana ba da yini ɗaya a wata ya zauna da su. Mun bar wasanmu na intanet na daren Juma'a ga waɗanda ba sa iya fitowa, don ba za mu yar da su ba. Sannan mun sa mutum ɗaya ya riƙa zuwa ba tare da abokin wasa ba, domin duk wanda ya shigo shi kaɗai ya samu wanda zai zauna da shi.

Roƙona ga 'yan'uwana da suka koma gida gaba ɗaya ba wai su bar kwamfuta ba ne. Su buga kwana shida a can in suna so. Dare ɗaya nake nema. Kai da kake ganin zuwanka ko rashinsa duk ɗaya ne, ku biyu ne kuke mayar da uku da rabi ya zama huɗu, dattijon nan da matarsa su daina kallon bango.

Ɗalibar tawa da aka kora da baƙar magana ta yarda za ta zo zaman masu koyo na wannan makon, bisa sharaɗin in zauna a bayanta. Na ce mata to. Na kuma yi wa mutum shida waya a kan Talata mai zuwa, biyu sun ce za su zo, ɗaya ya ce zai duba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Sakataren wani ƙaramin kulob na birij